An cire mana kuɗin ƙungiya a albashi, ranar zaɓe aka ce ba mu biya ba

Reshenmu ya tafi taron zaɓen shugabannin ƙungiya na jiha da daliget 12, aka bar 7 suka shiga zaure. Sauran biyar ɗin a bakin ƙofa suka wuni da katin gayyata a hannu. 'Yar takararmu ta kujerar ma'aji kuwa, ko sunanta bai hau takardar ƙuri'a ba. Dalili ɗaya aka ba mu, wai ba mu cika biyan kuɗin ƙungiya ba. Ni ne sakataren reshen a lokacin, kuma har gobe in na tuna maganar nan sai raina ya ɓaci, don babu watan da albashin ɗayanmu ya shigo ba tare da an zare wannan kuɗi tun daga sama ba.

Ba zan kama sunan ƙungiya ko jiha ba, waɗanda suka halarta sun san kansu. Dokar ƙungiyoyin ƙwadago ta Najeriya ta ɗora wa mai biyan albashi abu biyu: ya cire kuɗin ƙungiya daga albashin ɗan ƙungiya, sannan ya miƙa wa ƙungiyar. Tun gyaran da aka yi wa dokar a 2005, zamanin Obasanjo, shiga ƙungiya ganin dama ne, amma wanda ya shiga ta wannan hanya yake biya. Cirewar kowa yana ganinta a takardar albashinsa. Miƙawar kuma ba mai ganinta sai banki da ma'ajin jiha. A tsakanin biyun nan aka yi mana illa.

Kuɗin ƙungiyarmu kaso ne na albashi, in albashi ya hau shi ma ya hau. Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar mafi ƙarancin albashi na naira 30,000 a watan Afrilun 2019, bayan an daɗe a kan 18,000, jihohi kuma suka riƙa aiwatarwa kowace a lokacin da ta ga dama. Da namu ƙarin ya iso, kwamfutar albashi ta yi aikinta, ta fara cire sabon kaso. Amma takardar umarnin da ake kai wa banki don ya tura wa ƙungiya haƙƙinta ba a taɓa ta ba. Adadin da aka saba turawa tun zamanin tsohon albashi shi aka ci gaba da turawa, ko kwabo bai ƙaru ba. Duk wata kuɗi yana shiga asusun jiha da sunan reshenmu, saboda haka babu wanda ya buga waya ya ce mun makara. Mu kuma muna ganin an cire, hankalinmu kwance.

Kundin ƙungiyarmu ya ce yawan daliget ɗin reshe yana bin yawan 'ya'yansa da suka biya a shekarar da ta gabaci zaɓe. Abin da kwamitin tantancewa ya yi shi ne ya ɗauki jimillar kuɗin da ya shigo daga wajenmu, ya raba da abin da mutum ɗaya ya kamata ya biya a sabon albashi. Nan take aka rage mana mutane a kan takarda, alhali suna nan da ransu, kowace safiya suna sa hannu a rajistar aiki.

Da labari ya iso mana, muka bi ofis-ofis da asibiti-asibiti muka tattara takardun albashin jama'a, na cika jakar bakko da su, na ajiye a gaban kwamitin. Na ce wa shugabansu, "Ranka ya daɗe, ga su nan mutum ɗaya-ɗaya, wata-wata. A buɗe duk wadda aka ga dama a duba."

Ko zip ɗin jakar bai ja ba. Ya ce, "Kwamared sakatare, wannan shaida ce an cire muku. Ina shaidar ya iso mana? Mu kuɗi muke ƙirgawa, ba kawuna ba."

In za a bi harafin kundi, yana da gaskiyarsa, kuɗin da ya shiga asusun ƙungiya aka rubuta. Da kowa aka auna da wannan mudu, da na haƙura tun a ranar. Amma ofis ɗaya ke biyan albashinmu duka, giɓin nan kuma bai bar reshe ko ɗaya ba. To me ya sa wasu rassa suka shigo da daliget ɗinsu cif? Wani dattijo a cikin kwamitin, da alama abin bai kwanta masa ba, ya turo littafin rasit gabana kamar bai san ya yi ba. Na buɗe. Rasit na rassa daban-daban, wasu ma tafiyar rabin yini ce tsakaninsu, amma lambobin a jere suke, kwanan wata ɗaya, rubutun hannu ɗaya, biro ɗaya. Duk a ranar ƙarshe kafin a rufe littafi aka biya musu cikon, kuɗi hannu. Rassan da ko kuɗin shayin taro sai sun yi karo-karo, su ne suka zube cikon shekara guda a rana ɗaya. Ba sai an gaya maka daga aljihun wa ya fito ba, kuma ba sai an gaya maka wa za su zaɓa ba.

Mutum ɗaya ne a duk jihar ya san da giɓin nan tun watan farko, shi ne ma'ajin jiha, don shi banki yake aiko wa bayanan asusu. Kuma shi ne yake neman komawa kujerar da Hajiyarmu ta fito nema. Ya san wa zai raɗa wa, ya san wa zai bari a duhu har a rufe littafi.

Na Hajiya ya fi ciwo. Ungozoma ce da ta daɗe a aiki, kowa ya san ta a yajin aiki, ita ce mai raba ruwa, ita ce mai zuwa ofishin 'yan sanda belin matasa. An yi mata canjin wurin aiki daga wata ƙaramar hukuma zuwa tamu. Tsohon wurin ya cire sunanta daga jerin sunayen da ake haɗawa da kuɗin ƙungiya, sabon wurin bai sa ta ba sai bayan wata huɗu. Albashinta bai tsaya ba, cirewa bai tsaya ba, sunan ne kawai ya faɗa rami. Ƙa'idar takara kuma ta ce sai wanda ya biya shekara biyu a jere babu yankewa. Ta buɗe jakarta a gabansu ta ce, "Nawa ne kuɗin wata huɗun? Ga shi, in sake biya karo na biyu." Aka ce an rufe littafi. Ta dubi shugaban kwamitin, wanda da kaɗan ya girmi ɗanta na fari, ta ce, "Kwamared, ranar da muke shan rana a ƙofar sakatariya ba ka tambaye ni rasit ba." Ya sunkuyar da kai yana juya takardu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Mun rubuta ƙorafi. Kwamitin sauraron ƙorafi ya zauna da dare, ana gobe zaɓe, kuma shugabannin da ke neman tazarce su suka naɗa shi. Ba sai na faɗi yadda aka ƙare ba. Lauyan da muka tuntuɓa ya ce tun gyaran kundin tsarin mulki na 2010 irin wannan rikici na Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ne, amma abin da alƙali zai fara tambaya shi ne ko mun bi duk matakan cikin gida har uwar ƙungiya a Abuja. Kafin a gama bin matakan an rantsar da mutane, sun raba ofis, sun canza masu sa hannu a banki. Ya gaya mana kuɗin aikinsa, muka dubi asusun reshe, maganar ta mutu a wurin.

Matasanmu sun so a tarwatsa taron, a ɗauke akwati kowa ya rasa. Ni na hana, kuma har yanzu akwai waɗanda ba su yafe mini ba. Abin da ya faru a NLC, uwar ƙungiyoyin ƙwadago ta ƙasa, a 2015 ne ya tsaya mini a rai. A can ma yawan daliget na kowace ƙungiya yana tafiya ne da kuɗin da take zubawa, shi ya sa lissafin kuɗi kan zama lissafin ƙuri'a tun kafin a taru. Taron watan Fabrairu a Abuja ya watse a kan rigimar takardun ƙuri'a, aka sake zaɓe a watan Maris a dandalin Eagle Square, Ayuba Wabba ya ci, ɓangaren Joe Ajaero ya ƙi amincewa. Abu ya kai ga kafa wata ƙungiyar daban, ULC, a 2016, ba su dawo gida ba sai 2020, shi Ajaero kuma ya zama shugaban NLC a 2023. Shekarun nan na rabuwa gwamnatoci ne suka ci ribarsu, a daidai lokacin da jihohi da yawa ke riƙe da albashin ma'aikata na watanni. In uwa ta sha wannan wahala, reshe irin namu ina zai kai? Mutum bakwai ɗinmu suka shiga suka jefa ƙuri'a. Ma'aji ya koma babu hamayya. Shugaba ya ci da tazarar da ba ta kai yawan daliget ɗin da aka bari a waje daga rassa daban-daban ba.

Bayan ƙura ta lafa na nufi ofishin albashi, don in ga inda cikon kuɗinmu ya maƙale. Akantan mutumin kirki ne, ya jawo wani fayil da ƙura ta rufe daga ƙasan kabad, ya kaɗe shi a gwiwarsa. Ya nuna mini takardar umarnin banki, tsohuwa, an yi ta kwafa ana canza sunan wata kawai. A bayanta ga jerin sunayen da ake aika wa ƙungiya. Akwai mamata a ciki, har da direban da muka yi wa sallah da hannunmu, akwai waɗanda suka yi ritaya, sabbin ɗauka kuwa babu ko ɗaya. Na tambaye shi me ya hana a gyara. Ya ce, "Malam, babu wanda ya rubuto mana." A wannan takarda aka yi zaɓenmu, watanni kafin mu hau mota zuwa babban birnin jiha.

Duk sakataren reshen da ya tambaye ni yanzu, abin da nake gaya masa shi ne ya daina dogara da takardar albashi. Kowane wata ya karɓi kwafin jerin sunayen da aka tura, ya ga shaidar banki da idonsa, ya karɓi rasit daga ma'ajin jiha mai ɗauke da adadi da watan da aka biya wa. Sannan ya zauna ya haɗa lissafi, abin da aka cire da abin da ya isa, su zo daidai. Wanda aka yi wa canjin wuri, ko ƙarin girma, ko ya tafi hutun karatu, a bi sunansa a watan nan, don a irin wannan gaɓar suna yake ɓata. In an ga giɓi kada a yi maganar baki, a rubuta wasiƙa ga ofishin albashi da sakatariyar jiha, a sa su buga hatimi a kwafinka. Wasiƙa ɗaya mai hatimi da ta riga ranar rufe littafi ta fi jakar bakko cike da takardu amfani. Da Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a watan Yulin 2024, wasu lissafin ariyas, wato cikon albashin baya, suke yi, ni tambayata ta farko ita ce ko an sabunta takardar umarnin banki. Ma'aikatan tarayya da ke kan IPPIS, tsarin biyan albashi na bai ɗaya na gwamnatin tarayya, su ma kada su saki jiki, ƙungiyar malaman jami'o'i ta ASUU ta sha kokawa a bainar jama'a cewa ana cire wa 'ya'yanta kuɗin ƙungiya ba a miƙa mata.

Na ji hujjar masu cewa ƙungiya ba ta tafiya da kuɗin da bai shigo ba, kuma in aka yarda da takardar albashi kawai, rassa za su miƙe ƙafa su daina bin haƙƙin ƙungiya. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, shugabannin reshe su ya kamata a matsa wa. Amma ma'aikaciyar da aka cire wa kuɗi ta gama nata. Ba ita ke riƙe da fayil ba, ba ita ke sa hannu a takardar banki ba. Hana ta takara saboda sakacin wani ofis zalunci ne, ko da an naɗe shi a cikin kundi.

A taron majalisar jiha da ya biyo baya mun gabatar da buƙata biyu. Ta farko, a riƙa lika jerin waɗanda suka biya da rabon daliget na kowane reshe wata uku kafin a rufe littafi, kuma takardar albashi ta wadatar wa ɗan takara a matsayin shaida, ƙungiya ta je ta bi kuɗinta wajen wanda ya cire. An yi ta ja-in-ja, amma ta wuce, don waɗanda suka ci gajiyar abin a wancan karo sun san gobe yana iya juyowa kansu. Ta biyu, a haramta karɓar cikon kuɗin reshe hannu da hannu a watannin ƙarshe kafin zaɓe, sai ta banki, daga asusun reshen kansa. Wannan ko tattaunawa ba a yi ba. Shugaban zama ya duba agogo ya ce la'asar ta yi, aka tashi sallah, da aka dawo sai aka wuce zuwa rahoton ma'aji.