Ramar Yaya da idon Gwaggo

Yau Asabar na tashi cikin farin ciki. Bayan sallar asuba muka fita tafiyarmu ni da Yaya, daga Tudun Wada zuwa Ƙofar Doka a nan Zariya, muka juyo hazo bai gama washewa ba, masu shayi suna ta hura wuta. A wannan hanyar ce a da take tsayawa ta dafa bango tana haki, amma yau ita ce a gaba, har tana ba ni labari numfashinta bai sarƙe ba. Rabin sa'a muke yi, kwana biyar a mako, domin mu cika minti 150 ɗin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ya kamata baligi ya motsa jikinsa a kowane mako.

Mun karya da kunun gyaɗa ba sukari, da ƙosai kaɗan.

Da hantsi muka shiga cikin Birni gaishe da Gwaggo, kuma a can ne ranar ta juya mini. Ko tabarma ba mu gama zama a kai ba ta kama hannun Yaya, ta ɗaga shi tana jujjuyawa, ta dube ta daga sama har ƙasa. Ta ce, "'Yar nan, lafiyarki kuwa? Wannan rama ta mece ce? Ki gaya mini gaskiya, maigidan naki ne ya gaza, ko kuwa wani abu ne yake cin ki a rai kike ɓoye mana?" Yaya ta sunkuyar da kai ta ce, "Gwaggo, lafiyata ƙalau, kuma babu abin da na rasa a gidana. Likita ne a asibitin Shika ya ce sukarin jinina ya fara hawa, idan ban rage jiki ba ciwon zai kama ni sosai." Gwaggo ta saki hannun ta ce, "Likita! Mu da muka haife ku tuwo muka ci safe da dare, ga mu nan da ranmu. Mace ai da jiki aka san ta. Kina so a ce 'yar gidan nan ta lalace a ɗakin miji?"

Daga nan ta sa aka kawo waina cike da faranti da miyar taushe, mai yana yawo a kanta, da lemon kwalba mai sanyi, ta zauna ta zuba wa Yaya ido. Na ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, ta ci kaɗan, lemon kuma a ba yara." Ta ce in yi shiru, ni ce nake zuga ta. Yaya ta ci har ta kusa cinye farantin, ta shanye lemon, ina kallon yadda take haɗiya ba don tana so ba. A cikin Keke Napep muna komawa gida ba ta ce da ni uffan ba har muka sauka.

Tun daga lokacin abin yake damuna. Faranti ɗaya na waina ba zai rushe aikin da ta yi ba, wannan na sani. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda ta sha wahala kafin ta kai nan, amma aka mayar da ƙoƙarinta abin tuhuma. Ni ganau ce. Ta daina shan lemon kwalba, wanda kwalba ɗaya mai santilita 35 takan ɗauki sukari kusan giram 37, wato wajen ƙaramin cokali 9, alhali abin da aka fi so baligi ya tsaya a kai a yini bai wuce giram 25 ba. Ta mayar da malmalar tuwonta rabi, ta cike gurbin da miyar ganye, da kwaɗon zogale ko na rama, da wake. Wani lokaci ta dafa acca ko tuwon dawa a madadin farar shinkafa. Man da take kwarara wa miya da ludayi yanzu da cokali take aunawa, ta rage magi da gishiri, tunda gishirin da jiki ke buƙata a yini bai kai giram 5 ba, kuma zoɓonta da citta da kanumfari kawai take haɗa shi. Ba ta daina cin abinci ba, ba ta kwana da yunwa. Da maƙwabciyarta ta kawo mata shayin rage tumbi ta ƙi karɓa, domin likita ya riga ya gaya mata yawancin irinsu gudawa suke sa mutum, ruwan jiki ne yake zuba ba kitse ba, kuma suna iya taɓa ƙoda da hanta.

Abin da aka nema daga gare ta ma ba mai yawa ba ne. An ce ta rage kashi 5 zuwa 7 cikin 100 na nauyinta, a hankali, kada ya wuce rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako. Ga mai kilo 90, wajen kilo 4 da rabi zuwa 6 ke nan. Wani babban bincike da aka yi a Amurka, aka fitar da sakamakonsa a 2002, ya nuna cewa mutanen da sukarinsu ya fara hawa, da suka rage jiki kimanin haka tare da tafiyar minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu da ciwon sukari ya ragu da kashi 58 cikin 100. Wannan ɗan ragin ne Gwaggo take kira lalacewa.

Duk da haka ba zan iya jin haushinta har zuci ba, kuma wannan ne ya ƙara dagula mini tunani. Gwaggo ta ga farin 1973 da idonta, ta ga mutanen da suka gangaro daga arewa ƙashi da fata suna neman abin da za su sa a baki. Ta kuma ga shekarun da ƙanjamau ya shigo, lokacin da idan mutum ya rame sai a fara raɗa a bayansa, a daina cin abinci kwano ɗaya da shi. A wurinta rama ba ta taɓa zuwa da alheri ba, kuma cika wa mutum faranti ita ce hanyar da ta sani ta nuna ƙauna. Gaskiya ta faɗa da ta ce tuwo suka ci safe da dare. Abin da ba ta lissafa ba shi ne, kafin tuwon ya shiga bakinsu sai sun yi sussuka da surfe da daka, sun ja guga a rijiya, sun taka da ƙafa zuwa kasuwa sun dawo da kaya a kai. Mu kuwa inji ne yake mana niƙa, ko bakin titi za mu je sai mun tare abin hawa, ga taliya da burodi da kayan zaƙi da su ba su taso da su ba. Cin ya ƙaru, aikin da ke ƙone shi ya tafi.

Kuma ba labarin wani gida ba ne wannan ciwo na sukari a wurinmu. Kawu da shi ya rasu, bayan gyambon ƙafarsa ya ƙi warkewa har aka yanke ta. Ita kanta Gwaggo kullum da maganin hawan jini take kwana, ƙafafunta a kumbure. Na so in tuna mata da Kawu a gaban kowa, sai na ga zai zama rashin kunya, kuma zai tayar mata da mikin da bai warke ba. Na so in kawo mata hadisin da ta fi ni sani, na raba ciki uku, kaso ɗaya na abinci, ɗaya na ruwa, ɗaya na numfashi, amma yarinya ba ta yi wa babba wa'azi a tsakar gidanta. Haka na haɗiye maganar, ita kuma ta ƙi wucewa.

Abin da nake tsoro shi ne bukukuwan da ke tafe. Akwai suna a dangi, akwai biki bayansa, kuma a kowanne za a sami mai tambayar Yaya ko lafiya, da mai tura mata alkaki da dubulan yana cewa ta ci ta murmure. Yaya mace ce mai kunya, ba ta iya musu da manya. Na ga mata da yawa da suka fara irin wannan gyara da ƙarfinsu, kwaɗayi bai kayar da su ba, maganar mutane ce ta kayar da su.

Da yamma ban iya dafa komai ba, sai dafaffen wake muka ci da salak.

Bayan isha'i na kira Yaya Babba na zayyana masa abin da ya faru. Shi ne zai kai Gwaggo awon jini ranar Talata, don haka na roƙe shi ya tafi da Yaya, ya nemi likitan ya yi wa Gwaggo bayani da bakinsa a gabanta, tunda duk gardamarta, idan ta zauna gaban likita takan saurara. Ya ce zai gwada, amma kada in sa rai za ta sauya a zama ɗaya.