Ɗaukar hoton masu hawan igiyar ruwa a Nazaré daga bakin gaɓa

Kuskuren da ya fi yawa a hotunan manyan igiyoyin ruwa ba a kyamara yake ba, a idon mai ɗauka yake. Mutum ya ga ɗan wasa a kan allonsa yana gangarowa, sai zuciya ta ce a jawo shi kusa har a ga fuskarsa. Ya murɗa gilashi zuwa ƙurya, ya sami mutum raɗau, amma ya yanke kan igiyar da gindinta. Hoton da ya fito ana iya ɗaukar irinsa a kowace gaɓa mai igiyar mita biyu. Alhali abin da ya tara jama'a a kan dutsen Nazaré cikin sanyi da iska shi ne girman ruwan, kuma girma ba ya bayyana sai an ga ƙanƙantar mutum a jikinsa.

Nazaré garin masunta ne a gaɓar Fotugal, kimanin kilomita 120 arewa da Lisbon. A ƙarƙashin tekun da ke gabansa akwai wani kwazazzabo da zurfinsa ya kai wajen mita 5,000 a can ciki, kuma bakinsa ya zo har kusa da gaɓa. Ruwan da guguwar hunturu ta taso a arewacin Atilantika, idan ya iso nan sai ya rabu biyu. Wanda ya bi ta kwazazzabon ba ya rage gudu saboda zurfi, wanda ya bi ta tudun gefe kuwa ƙasa tana jan ƙafarsa. Su biyun su karkato su haɗu a gaban rairayin Praia do Norte, su cure su miƙe sama kamar dala. A nan Garrett McNamara ya hau igiya mai mita 23.8 a Nuwamban 2011, Rodrigo Koxa ya hau mai mita 24.38 a 2017, Maya Gabeira ta hau mai mita 22.4 a Fabrairun 2020, sannan Sebastian Steudtner ɗan Jamus ya kai mita 26.21 a ranar 29 ga Oktoban 2020. Duk waɗannan alƙaluma daga hotuna da bidiyo aka auna su, ta hanyar amfani da tsayin jikin ɗan wasan a matsayin ma'auni. Hoton da ba a ga gindin igiyar a ciki ba, ko awo ba zai yi ba.

Sanin wannan haɗuwar ruwa biyu yana da amfani ga mai kyamara, domin igiyar Nazaré ba ta karyewa a wuri ɗaya kullum. Ƙololuwar tana tashi nan, ta gaba ta tashi can gefe da nisa mai yawa. Wanda ya kafa kyamara ya ɗaure ta tana kallon wuri guda, zai yini yana ɗaukar kumfa.

Lokacin shi ne daga Oktoba zuwa Maris, amma ba kowace rana ba. Ana iya yin makonni teku na kwance. A hasashen yanayin teku, kada tsayin ruwa kaɗai ya ɗauke hankali, a duba tazarar da ke tsakanin igiya da mai bi mata. Idan ta kai daƙiƙa 14 zuwa sama, ruwan daga nesa ya taso kuma yana ɗauke da ƙarfi har can ƙasa. Igiya mai tazarar daƙiƙa 16, tsawonta daga ƙololuwa zuwa ƙololuwa a ruwa mai zurfi ya kai wajen mita 400, tana kuma fara jin ƙasa tun daga zurfin rabin wannan, shi ya sa kwazazzabon ke iya lanƙwasa ta. Ana son ruwan ya fito daga yamma ko arewa maso yamma, iska kuma ta kasance kaɗan, ko ta taso daga tudu zuwa teku, wato daga gabas. Irin wannan iskar tana goge fuskar igiya ta yi sumul, tana kwashe feshin da ke kanta ta watsa shi baya kamar gezar doki. Ƙari a kan haka, tana kore gishiri daga gilashinka. Iskar yamma kuwa ɓata ruwa take yi, ta jiƙe ka da kayanka.

Wurin tsayawa uku ne. Na farko shi ne tsohon ginin tsaro na São Miguel Arcanjo da ke bakin dutsen, wanda jar fitilar jiragen ruwa take a kansa. Daga nan ne aka fi kusa da ruwan, har ana jin dukansa a tafin ƙafa. Na biyu shi ne gangaren da ke bayan ginin, a kan hanyar da ta sauko daga unguwar Sítio. Hoton nan da ya zaga duniya, mai fitila da cincirindon mutane a gaba, bangon ruwa kuma a bayansu kamar zai haɗiye su, daga wannan gangaren ake ɗaukarsa. Sirrinsa nisa ne: idan ka ja da baya sosai ka yi amfani da dogon gilashi, ginin da igiyar sai su zama kamar suna manne da juna, alhali akwai ɗaruruwan mitoci a tsakaninsu. Ranar babban ruwa wurin yana cika tun da sassafe, a zo kafin fitowar rana. Na uku shi ne rairayin kansa, kuma ban ba da shawararsa ba a irin wannan rana. Igiyoyin gaba da hazon kumfa suna tare kallo, ruwa kuma yakan yi wani tsalle ya wuce inda ya saba tsayawa. Duk inda yashi yake a jiƙe, ruwa ya je wurin kuma zai koma. A kan dutsen ma a kula, ƙasar tana santsi bayan ruwan sama, mai ido a cikin kyamara kuma ba ya ganin inda ƙafarsa take.

Yanzu ga lissafin gilashi, wanda ya cancanci a tsaya a kansa. A kyamara mai cikakken sensa, wato farantin da hoto ke sauka a kansa a cikin kyamara, tsayin sensar milimita 24 ne, faɗinsa 36. Ka ninka 24 da nisan da ke tsakaninka da igiyar, ka raba da tsawon gilashin, abin da ya fito shi ne tsayin abin da hotonka zai ɗauka. Gilashi mai milimita 400 a nisan mita 400 zai ɗauki mita 24 a tsaye, 36 a kwance. Ke nan igiya mai mita 20 da ƙyar ta shiga, babu ko wurin feshin da ke tashi a kanta. Idan ka kai shi 600, mita 16 kawai za ka samu, ka riga ka fille mata kai. A kyamara mai ƙaramin sensa kuwa, sai ka ninka tsawon gilashin da 1.5 ko 1.6, milimita 400 ta koma kamar 600. Don haka gilashi mai zum daga 100 zuwa 400 ya fi amfani a nan fiye da wani ƙato mai tsayi guda, kuma a babbar rana yawancin hotuna masu kyau tsakanin 200 da 300 suke fitowa. Mai zum daga 150 zuwa 600 shi ma yana yi, in dai hannu zai iya haƙurin barin ƙuryarsa. A bar sarari a gaban ɗan wasan, wajen da ya nufa, a bar sama da kan igiyar, a bar ƙasa da gindinta.

Saurin shata, wato ɗan lokacin da kyamara ke buɗewa haske ya shiga, shi kuma gudun ɗan wasan ne ke yanke shi. Mai gangarowa a irin wannan bango yana iya yin mita 20 a daƙiƙa guda. A 1/500 na daƙiƙa ya matsa santimita huɗu kafin shata ta rufe, hannunsa da bakin allon su yi dishi-dishi. A 1/1000 santimita biyu ne, a 1/2000 guda ɗaya. Kada a sauka ƙasa da 1/1000, kuma 1/1600 ya fi kwanciyar hankali. Da rana tarwai, 1/1600 da f/8 (faɗin ƙofar haske a gilashi) da ISO 400 (ƙarfin jin haske na sensa) wurin farawa ne mai kyau. Idan gari ya lumshe, a buɗe zuwa f/5.6 a ɗaga ISO zuwa 800 ko 1600. Hoto mai ɗan tsakuwa-tsakuwa yana gyaruwa a kwamfuta, wanda ya girgiza kuwa ya tafi.

Haske shi ne inda kyamara ta fi yaudarar mai ita. A hawa guda ɗaya, farkonsa bango ne mai duhu, kore ko shuɗi, ƙarshensa farar kumfa ce ta cika ko'ina. Idan aka bar kyamara ta auna da kanta, a farko za ta ga duhu ta ƙara haske, kumfar da ke kan igiyar ta ƙone ta zama fari fat babu zane. A ƙarshe za ta ga fari ta rage, kumfar ta koma ruwan toka, mutumin ya zama baƙin ɗigo. Maganin shi ne a saita komai da hannu. Ka ɗauki hoton kumfa mafi haske, ka kunna alamar nan mai ƙyaftawa a wuraren da suka ƙone, ka rage har ta kusa daina ƙyaftawa, ka bar shi a haka. Duk sanda girgije ya rufe rana ko ya buɗe, ka sake dubawa. A ɗauka a RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, domin duhun rigar ɗan wasan ana iya ɗago shi daga baya, farin da ya ƙone ba ya dawowa.

Rairayin yana kallon yamma ne, don haka da safe rana tana bayanka tana haska fuskar igiya, launi ya fito sosai. Bayan azahar takan koma gaban mai ɗauka, ruwa ya yi ta walƙiya, mutane su zama inuwa. Ni dai ban raina wannan hasken ba, domin a lokacin ne leɓen igiyar ke yin kore garau kamar kwalba idan rana ta ratsa shi. Sai dai yini gajere ne, a Disamba kafin biyar da rabi rana ta faɗi.

Fokas bai kai wahalar da ake zato ba. A nisan mita 400, gilashin 400 a f/8 yana riƙe kaifi daga wajen mita 250 har kusan kilomita guda. Abin da ke ɓata shi feshi ne ko tsuntsu ko kan wani ɗan kallo da ya gitta, kyamara ta saki igiya ta kama shi. A sa fokas mai bin motsi, wanda Canon ke kira Servo, Nikon da Sony kuma AF-C, a rage masa saurin sauya abin da yake bi, a kunna makunnin da ke jikin gilashi mai hana shi neman abu na kusa. Idan hoto ya fito fari-fari babu kaifi duk da haka, kada a zargi gilashi. Hazon gishiri ne da ke rataye tsakaninka da ruwan bayan manyan igiyoyi sun karye, kamar yadda ƙurar hunturu ke dushe gari a arewa. Igiyar farko da ta biyu a jeri su suka fi ba da hoto mai tsabta, kafin iska ta cika da hazo.

A irin wannan ruwa ba a iya kama igiya da iyo, babur ɗin ruwa ne ke jan ɗan wasa da igiyar ja ya sake shi a kan igiyar ruwan. Saboda haka babur ɗin za ka sa wa ido. Da ka ga ya juyo ya ƙara wuta, ga mutum a bayansa, ɗaga kyamara. Lokutan da suka fi daraja su ne sanda ɗan wasan ya saki igiyar jan, sanda ya kai tsakiyar bango ga farin layin allonsa a bayansa, da sanda ya kai gindi ruwan na rugujewa a kansa. Kada ka danne maɓalli tun daga farko har ƙarshe. Hoto goma a daƙiƙa, na daƙiƙa 15, hoto 150 ke nan, wajen gigabait huɗu da rabi idan kowanne megabait 30 ne. Kyamara za ta cushe tana rubutawa a kati daidai lokacin da ake buƙatarta. A riƙa sakin hoto biyar zuwa goma, a ɗaga yatsa, a sake. Kuma kada a sauke kyamara don hawa ya ƙare: direban babur yana da 'yan daƙiƙu ne ya kutsa cikin kumfa ya ɗauko abokinsa kafin igiya ta gaba ta iso. A wannan ruwan Maya Gabeira ta kusa rasa ranta a 2013, a nan kuma Márcio Freire ɗan Burazil ya rasu a Janairun 2023. Idan ceto ya koma haɗari na gaske, mutum ne a can mai iyali, ba kowane hoto ne ya dace a watsa ba.

Dogon gilashi yana gajiyar da hannu cikin awa guda. Sandar ɗora kyamara mai ƙafa ɗaya ta fi mai ƙafa uku a cikin cunkoso, ta fi saurin juyawa kuma. Batir uku, a ajiye biyu a aljihun ciki saboda sanyi yana shanye su. Kati biyu masu gigabait 128.

Saura gishiri, wanda shi ne ke kashe kaya a hankali. Ka sa filta marar launi a bakin gilashi, ka ɗaura masa hularsa, ka lulluɓe jikin kyamara da rigar ruwa ko da ta leda ce da roba. Tsakanin jerin igiyoyi ka juya bakin gilashin ƙasa. Kada ka canza gilashi a waje, feshin zai sauka a kan sensa. Idan ɗigo ya bushe a kan filta, kada ka goge shi da busasshen ƙyalle, domin gishirin da ya bushe tsakuwa ne, da shi da yashin da iska ta kawo za su karce gilashi. Ka fara hure shi da abin hura iska, ka ɗiga ruwan wanke gilashi a ƙyalle mai laushi, ka dangwala a hankali, sannan ka share da wani busasshe. Ƙyalle huɗu ko biyar ba su yi yawa ba, a ajiye su a leda mai zif, wanda ya sha gishiri kada ya koma aiki.

Kafin ka shiga ɗaki mai ɗumi, rufe kyamara a jakarta ka bar ta kamar awa guda, in ba haka ba raɓa za ta taru a cikin gilashi. Bayan nan ka jiƙa tsumma da ruwan famfo, ka matse shi sosai, ka bi jikin kyamara da gilashi, ka miƙe zum ɗin har ƙarshe ka goge bututun da ke shiga ciki. Ƙafafun sandar kuma a zare su gaba ɗaya a wanke da ruwa, a bar su a buɗe su kwana suna bushewa, domin a maƙullan gaɓoɓinsu gishiri ke fara cin ƙarfe.