Kafin ka ja jan layi a kan sunan ma'aikacinka

Kwanakin baya ɗan wani tsohon abokina, wanda yake tafiyar da ƙaramin kamfaninsa, ya zo wai neman shawara, ko da yake ban daɗe da zama da shi ba na gane cewa ya riga ya yanke hukunci, so yake kawai in sa masa albarka. Ya juyo da kwamfutarsa gabana, sai ga jerin sunayen ma'aikatansa, kowane suna da albashinsa a gefe, wasu an shafa musu ja. Ya ce da ni, "Baba, ciniki ya ja baya, kuma lissafi ba ya ƙarya. Ƙarshen wata zan tura musu saƙo." Na tambaye shi ko su ma'aikatan sun san halin da kamfanin yake ciki, ya ce ai idan suka sani hankalinsu zai tashi.

Wannan maganar ita ce na faɗa wa kaina shekaru da yawa da suka wuce, lokacin da nake da maɗaba'a kuma manyan masu ba mu aiki suka janye kusan a lokaci ɗaya. Na rufe ƙofa ni da akanta muna ta ƙari da ragi, ina fitowa da murmushi ina ce wa kowa lafiya lau, alhali sun ga takarda ta daina shigowa sito kuma injuna suna kwana a kashe. Da ranar ta zo ban iya tsayawa a gabansu ba. Na sa hannu a takardun sallama, na bar wa sakatare ya raba, na ƙirƙiri wata tafiya. Cikin waɗanda aka miƙa wa ambulan har da dattijon da ya fi kowa daɗewa a kan babban injin, mutumin da daga ƙarar injin kaɗai yake gane cewa wani ƙarfe ya fara ci, ya tsayar da aiki kafin a yi ɓarna. Albashinsa ya fi na sauran, shi ya sa sunansa ya hau sama a lissafina. An gaya mini bai ce uffan ba, ya ninke rigar aikinsa, ya ajiye mabuɗan akwatin kayan gyara a kan tebur, ya yi wa kowa sallama ya fita.

Har yau idan na tuna nakan so in kare kaina, kuma ina da abin faɗa. Banki yana jiran kuɗinsa, masu kawo mana tawada da takarda suna bin mu bashi, kuma da ban rage kowa ba wataƙila da dukkanmu mun rasa abin yi. Wanda bai taɓa kwana yana tunanin inda albashin mutane zai fito ba yana da sauƙin zargi. Sai dai a wannan lokacin ban taɓa nawa albashin ba, ban sayar da motar ofis ba, ban kuma tambayi ko mutum ɗaya cikinsu ko yana da wata dabara ba. Na ce ina kare martabar kamfani a idon abokan ciniki ne, wanda akwai ƙamshin gaskiya a ciki, amma tawa martabar ma tana ciki.

Abin da lissafina bai nuna mini ba shi ne waɗanda suka rage. Na zaci za su gode, sai wurin ya yi tsit. Mutanen da a da suke shigowa ofishina su ce ga kuskure a aikin wane, ko ga hanyar rage asarar takarda, suka koma yin abin da aka ce kawai, domin kowa ya koyi cewa shugaba yana iya yi maka murmushi yau gobe a miƙo maka ambulan. Ƙwararrun cikinsu, waɗanda suke da inda za su je, su ne suka fara tafiya. Da kasuwa ta farfaɗo na ɗauki sababbi, na biya kuɗin koyar da su, na biya kuɗin gyaran injin da ya lalace a hannunsu, kuma amanar da ta tafi ba ta dawo da dawowar ciniki ba.

Daga baya na karanta yadda wasu suka yi. A ƙarshen 1929, da kaya suka taru wa Konosuke Matsushita na Japan, wanda kamfaninsa ne ya zama Panasonic, ya rage abin da ake ƙerawa da rabi, ya mayar da aikin masana'anta rabin yini a kan cikakken albashi, ya roƙi ma'aikata su dage wajen sayar da kayan da suka taru, kuma zuwa watan Fabrairun 1930 sito ya koma fayau ba tare da an kori kowa ba. A 2014 Satoru Iwata, shugaban Nintendo, kamfanin Japan mai ƙera wasannin bidiyo, ya zabge rabin albashinsa da kamfanin ya shiga asara, bayan ya shaida wa masu hannun jari cewa mutumin da yake fargabar kora ba zai ƙirƙiro abin da zai burge duniya ba. Shi kuwa kamfanin Nokia, da ya sanar da rufe masana'antarsa ta Bochum a Jamus a 2008, inda mutum kusan 2,300 suke aiki, ya gamu da zanga-zanga da kiraye-kirayen ƙaurace wa kayansa, ya kuma biya kimanin Yuro miliyan 200 na sallama.

Na yi niyyar jero muku shawarwari masu yawa, amma kaɗan ne na yarda da su. Ku gaya wa mutanenku gaskiya tun da wuri, da bakinku, ku nuna musu abin da yake shigowa da abin da yake fita. Ku fara yanka daga kanku, albashinku da alawus ɗinku da ƙawar ofis, kafin ku taɓa na ƙasa. Ku gwada rage sa'o'in aiki ko hutun karɓa-karɓa domin nauyin ya rabu a kan kowa. Matasan yanzu kuwa, Allah ya shirye ku, kun kalli gajeren bidiyo a waya kun ɗauka rashin tausayi shi ne iya shugabanci, har kuna ganin za a iya sallamar magidanci da saƙon WhatsApp. Wanda ba zai iya duban idon mutum ya gaya masa ba, bai isa ya ɗauki mutum aiki ba tun farko.

Duk da haka kada ku ce na hana ku sallama. Aaron Feuerstein ya ci gaba da biyan ma'aikatansa tsawon watanni bayan gobarar da ta cinye masaƙarsa ta Malden Mills a Amurka a 1995, duniya ta yaba masa, amma bashin sake gini ya taimaka wajen durƙushewar kamfanin a 2001. Tausayi ba ya biyan bashi, kuma shugaban da ya yi ta jan ƙafa har jari ya ƙare ya cuci kowa. Na ce kada ku yi gaggawa, yanzu kuma ina cewa kada ku yi jinkiri, kuma na san maganganun biyu suna karo da juna. Haka nan gaskiyar da na ce ku faɗa tana da iyaka, domin ba kowace fargabar dare ce ake zubawa a gaban ma'aikata ba.

Idan sallamar ta zama dole, ku yi ta sau ɗaya, kada ku riƙa tsinka kaɗan-kaɗan kowane wata. Ku zauna da kowane mutum shi kaɗai, ku biya shi haƙƙinsa cif ba tare da ya yi zarya ba, ku rubuta masa takardar shaida, ku ɗaga waya ku nema masa wuri a inda kuka sani. Washegari ku tara waɗanda suka rage, ku bayyana musu dalilin zaɓen waɗanda aka zaɓa, kuma kada ku yi alkawarin cewa an gama sai in kun tabbata an gama ɗin.