Godiya daga Sangere-Marghi: bana mun yi Sallah a gidanmu

Assalamu alaikum, 'yan'uwa na kusa da na nesa. Barkanmu da shan ruwa.

Tun ranar da aka damƙa mini mabuɗin gidan nan da cocin Katolika ta gina mana, mu 'yan gudun hijira, nake son in rubuta wannan godiya, amma duk lokacin da na ɗauki waya sai hawaye su riga ni. Yau da muka sauko daga idi, na ga uwargida tana tuƙa tuwo a murhunta, ba a na aro ba, na ce to, yau kam sai na yi magana.

Ni tela ne, mutumin Gulak a ƙaramar hukumar Madagali, jihar Adamawa. A watan Satumba na 2014 muka fita daga gida da kayan jikinmu kawai, ni da maiɗakina da yara huɗu. Muka faɗa Mubi wurin dangi, muna cewa kwana biyu ne za a koma. Ƙarshen Oktoba Mubi ma ta faɗi hannun 'yan Boko Haram. Daga nan sai daji, sai ƙafa, har muka samu motar da ta bi da mu ta Gombi da Song zuwa Jimeta. Abin da muka gani a hanya ba na wannan rubutu ba ne.

Aka ce mana ana karɓar mutane a cocin Katolika ta St. Theresa. Ba zan ɓoye ba, na daɗe tsaye a bakin ƙofar. Ni Musulmi, da hulata da carbina, kuma masu kiran sunan addinina ne suka ƙone coci-coci a garuruwanmu. Da wane ido za a kalle ni? Wata dattijuwa 'yar zumuntar mata ce ta fito, ta sauke ƙaramar 'yata daga kafaɗata, ta ce, "Ɗana, shigo, yaran nan yunwa suke ji." Ko sunana ba ta tambaya ba sai da muka ci muka ƙoshi. Iya, kin san kanki. Allah Ya saka miki da alheri, Ya jiƙan mahaifanki.

Shekara shida da 'yan watanni muka yi a harabar cocin. Dubbai sun zo, yawancinsu sun koma da gari ya lafa, amma mu da ƙauyukanmu ke gindin Sambisa ba mu da inda za mu koma. Matan zumunta ba su taɓa sauke tukunya ba. Da azumi har tashi suke yi da asuba su ɗumama mana na sahur, su da ba azumin suke yi ba. Samarin coci da na unguwa su ne ɗiban ruwa, su ne kai mara lafiya asibiti cikin dare. Limamai da 'yan kasuwar Jimeta su ma sun yi ta aiko da masara da shinkafa. Akwai wata malamar makaranta da ta ba ni aron keken ɗinkinta, ta ce in riƙe har in tsaya da ƙafata. Da keken nan na sanya yara biyu a makaranta. An sha samun saɓani, ba zan ce ba a samu ba. Mutum ɗari a famfo ɗaya dole a ji kan juna. Amma ba a taɓa yi mini gorin addini ba, ko sau ɗaya.

Babbar godiya ga Baba Bishop Stephen Dami Mamza, bishop ɗin Katolika na Yola. Shi ma ɗan yankinmu ne, mutumin Bazza, ya san zafin abin a jikinsa. Bai tsaya ga ciyarwa ba, ya nemo taimako har daga ƙungiyar Missio ta Jamus, aka gina gidaje 86 a nan Sangere-Marghi, ƙaramar hukumar Girei, da makaranta da coci. Sannan ya gina mana masallaci, mu da ba mu fi a ƙirga mu da yatsu ba a cikin unguwar. Mun ji wasu sun yi ƙorafi a kan haka, kuma ban ga laifinsu ba, don wanda aka ƙone wa wurin ibada yana da ciwo a zuci. Baba bai fasa ba. A watan Afrilun nan na 2021 aka buɗe unguwar, azumi na bakin ƙofa, don haka tarawihin farko a masallacin nan muka yi shi. Baba, Allah Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Ga mutanen Sangere da muka tarar, mun gode da karɓar baƙunci. Wani dattijo har ya nuna mini gefen gonarsa, ya ce damina ta kusa, in jefa gyaɗa.

Malama mai keke, na yi adashe na sayi nawa. Naki na nan na wanke shi na zuba masa mai, ranar Lahadi bayan kun tashi daga sujada zan kawo miki, tare da naki tuwon Sallah.