Ranar da Makullai Suka Nuna Mini Sama

Sati biyu na yi ina fama da ɗaura lasifika biyu a silin ɗakina, don in riƙa jin sauti na saukowa daga bisa, irin na tsarin Dolby Atmos da ya fito a 2012. Na huda, na ja waya, na auna. Da na gama sai na zauna na rufe ido, ƙanena yana sauya lasifikar da sauti ke fita, ni kuma ina nuni da yatsa. Mun fara da wani gunji mai kauri. Wallahi na kasa bambance na sama da na ƙasa. Raina ya ɓaci, har na fara zargin wayoyin.

Can sai ya sa ƙarar kaɗa makullai. Kafin in yi tunani, yatsana ya miƙe silin.

Abin ya hana ni sukuni sai da na bi diddiginsa. Kunnuwanmu a jere suke, ɗaya dama ɗaya hagu, shi ya sa gane gefe ba wuya: sauti kan riga isa kunne ɗaya da tazarar da ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba. Amma wanda ya fito daga gaba ko daga bisa kai, tare yake isa duka biyun. Ashe lanƙwashe-lanƙwashen ganyen kunne ne ke wannan aikin. Su ke danne wasu siraran sautuka, su ɗaga wasu, gwargwadon tsayin inda sautin ya taso, ƙwaƙwalwa kuma ta fassara. Tun 1968 wasu masu bincike, Roffler da Butler, suka nuna cewa sai sauti na ɗauke da kaifin da ya haura 7,000 Hz (wato kaɗawa 7,000 a daƙiƙa ɗaya) kafin a gane tsayinsa sosai. Gunjina ba shi da shi ko kaɗan.

Na so in tabbatar da kaina. Na cike lungunan kunnena na waje da yumɓun wasan yara, ban taɓa ramin ba. Makullan nan dai, lasifikar nan dai, amma saman ya ɓace, dama da hagu kuwa suna nan daram. Wasu masu bincike a Holand sun yi irin wannan a 1998, suka bar abin a kunne makonni, har ƙwaƙwalwa ta koyi sabon kunnen. Wannan ya fi komai burge ni.

Yanzu ruwan sama, kukan tsuntsaye da amsa-kuwwar ɗaki nake turawa silin, masu kaurin kuma in bar su ƙasa. Na kuma daina ƙoƙarin rataye sauti a tsakanin lasifikar sama da ta ƙasa; duk yadda na daidaita ƙarfinsu, ba ya tsayuwa wuri guda, sai ya zille ya koma wajen ɗaya daga cikinsu.