Lambun unguwarmu

Asabar da dare.

Yau muka fito aikin sa-kai a lambun shaƙatawa na unguwa, shara da tsintar leda da yankan ciyawa. Ina cikin tura baro wani dattijo da kullum nake gani a bencin gindin babbar bishiya ya yafito ni. Na rusuna na gaishe shi. Ya ce, "Ɗana, ka san nan da kake tsaye juji ne a da?" Na ce, "Ban sani ba, Baba." Ya ce mutanen unguwa ne suka yi ta zarya a ofishin hukuma har aka kwashe bolar, sannan suka dasa itatuwan da hannunsu, suna ɗebo musu ruwa a bokiti da rani. Ya dafa jikin bishiyar, wadda yanzu hannu biyu ba sa zagaye ta, ya ce ba ta kai gwiwarsa ba ranar da ya binne ta.

Maganarsa ta tuna min da yadda irin waɗannan lambuna suka faro. A 1840 mutum kusan 30,000 suka sa hannu a takardar koke ga Sarauniya Victoria, suna neman fili a gabashin Landan, inda cunkoso da hayaƙin masana'antu da cututtuka suka addabi talakawa. A 1845 aka buɗe musu Victoria Park. Bayan shekara biyu aka buɗe na Birkenhead, kusa da Liverpool, wanda Joseph Paxton ya tsara, aka kuma gina shi da kuɗin jama'a. Wani Ba'amurke, Frederick Law Olmsted, ya ziyarce shi a 1850, abin da ya fi burge shi kuwa shi ne talaka da mai kuɗi ƙofa ɗaya suke shiga. Shi da Calvert Vaux ne suka ci gasar zana Central Park na New York a 1858. Sai dai akwai abin da ke sosa min rai a nan: kafin a yi shi, a 1857 an tashi mazauna Seneca Village, wata unguwa da ke cikin filin da aka yi lambun, yawancinsu baƙaƙen fata masu mallakar filayensu. Wannan zalunci ne, komai kyan lambun.

Bayan aiki na zauna ina kallo. Masu motsa jiki sun riga sun watse, sai iyaye mata da jarirai, sai yara suka cika wajen lilo. Wata yarinya tana koyon keke, yayanta na riƙe da sirdin yana gudu a bayanta. Ya saki ba ta sani ba, sai da ta yi nisa ta waiga ta fashe da dariya. Maƙwabta biyu da aka daɗe ba a ga suna gaisawa ba, yau tsintsiya ɗaya suka yi ta karɓa-karɓa. Ina kuma za su haɗu in ba nan ba?

Abin da ke damuna fitilun gefen gabas ne da suka mutu. Da magariba mata da yara ba sa bi ta can, kuma wurin da ƙafa ta ɗauke, ɓata-gari ne ke gaje shi. Mun rubuta takarda zuwa hukuma kafin mu tashi, Baba ne ya fara sa hannu. Gobe zan bi gida-gida a layinmu da ita.