Abin da tarihin wata gundumar kashe gobara a Oregon ya koya mini

A kwas ɗin gudanar da al'amuran jama'a an ba ni aikin nazarin hukumar kashe gobara da ceto mai suna Tualatin Valley Fire & Rescue, wadda ke yamma da kudancin birnin Portland a jihar Oregon ta Amurka. A yau tana kula da mutane fiye da rabin miliyan, amma asalinta ƙananan ƙungiyoyi ne na manoma da 'yan sa-kai waɗanda suke barin gona ko shago idan jiniya ta yi kuka. Dokar jihar ta ba mazauna karkara damar kafa gundumar kashe gobara tasu, su zaɓi mutum 5 da za su tafiyar da ita, su kuma ɗora wa kansu harajin gidaje da filaye domin sayen mota da gina tasha. Ta haka gundumomi irin su Cedar Mill da West Slope da Tualatin suka samu.

Tun da fari na fahimci cewa sauyin da ya sami yankin ne ya jawo haɗewar waɗannan gundumomi wuri guda, kafin ma shugabanni su zauna su tattauna ta. Gonaki sun zama unguwanni, masana'antu sun shigo, mutanen da a da suke aiki kusa da tasha suka koma fita tun safe zuwa birni, sai aka rasa mai amsa kira da rana tsaka. Aikin ma ya sauya fuska, domin mafi yawan kiran da 'yan kwana-kwana suke samu a Amurka na marasa lafiya ne da haɗarin mota, wanda ke buƙatar ma'aikata masu horo da albashi. Ƙaramar gunduma ba za ta iya ɗaukar wannan nauyi ita kaɗai ba. Akwai kuma batun iyaka, wanda ya fi damuna: gida yana iya kasancewa kusa da tashar maƙwabta amma yana biyan haraji ga wata tasha mai nisa, alhali wuta ba ta jiran a tantance wa ke da hurumi. Hatta kamfanonin inshora suna duba wannan, domin gidan da ya wuce mil 5 daga tasha yakan faɗa matakin ƙarshe a ma'auninsu, kuɗin da mai shi zai biya kuma ya ƙaru.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda aka yi haɗewar sannu a hankali. A 1972 ƙananan gundumomin Cedar Mill da West Slope da karkarar Beaverton suka dunƙule suka zama gunduma ta 1 ta yankin Washington da ke cikin jihar Oregon. Sai a 1989 wannan ta haɗu da gundumar karkara ta Tualatin, aka haifi hukumar da ake da ita yanzu. Birnin Beaverton ya shigo a 1996, West Linn a 2004, Newberg kuma a 2018. A wurare da dama an fara ne da kwantiragi, inda babbar hukuma za ta karɓi aikin na wasu shekaru, mutanen gari su ga yadda motoci suke isowa da yadda ake riƙe tsofaffin ma'aikatansu, daga baya a kai maganar gaban masu ƙuri'a. Newberg ta bi wannan hanya tun daga 2016. Garin Oregon City ma ya gwada kwantiragin, amma daga baya ya koma hannun gundumar kashe gobara ta Clackamas, wanda ke nuna cewa ƙofar fita a buɗe take da gaske. A ganina wannan dama ta gwaji da janyewa ita ce ta sa waɗanda suka zauna suka zauna da yardarsu.

Ban yarda da masu cewa haɗewa riba ce zalla ba. Gaskiya ne ofis ɗaya da wurin horo ɗaya da garejin gyaran motoci ɗaya suna rage ɓarnar kuɗi, amma kujeru 5 da a da suke wakiltar ƙauye guda yanzu suna wakiltar dubban ɗaruruwan mutane, kuma muryar manomin da ke bakin iyaka takan yi rauni a irin wannan taro. Ɗan sa-kan da ya yi shekaru yana wanke motar da iyayensa suka tara kuɗi suka saya yana da haƙƙin jin zafi idan aka goge sunan garinsu daga jikinta, kuma saninsa na hanyoyin gona da wuraren ɗiban ruwa ba ya cikin takardun da ake miƙawa ranar haɗewa.

Tun daga wannan nazari, idan aka kawo mini shawarar haɗe wasu hukumomi, nakan fara neman lissafin mintocin da taimako zai ɗauka kafin ya isa gidan da ya fi kowane nisa, sannan in tambayi ko an tanadi lokacin gwaji da ƙuri'ar mutanen da za su biya harajin.